Abin Wuyan Lantarki na Horar da Kare: Wa Yake Bukatarsa, Wanne Za a Saya

Mafarautan Amurka ne suka fara neman wannan na'ura, kuma dominsu aka ƙera ta. Karnukansu kan yi nisa sosai idan an sake su a daji, har su kai inda murya ba ta isa, balle hannu. Karen da aka koya wa bin sawun tsuntsu sai ya hangi barewa ya rufa mata baya, maigidansa yana ta kira yana busa usur, shi ko a jikinsa. In ya dawo bayan awa biyu, duk hukuncin da aka yi masa ya tashi a banza, domin a ganinsa dawowar ce ta jawo masa duka. Abin da mafarautan suke so shi ne hanyar taɓa kare daga nesa, a daidai lokacin da yake cikin aikata abin. A shekarun 1960 aka fara sayar da abin wuyan da ake sarrafawa da saƙon rediyo. Ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin wannan sana'a shi ne Tri-Tronics na garin Tucson a jihar Arizona, wanda kamfanin Garmin ya saye a 2011. Na'urorin farko manya ne masu nauyi, ƙarfinsu ɗaya tak, kuma mai zafi. Na yanzu sun ƙanƙance, sun yi arha, sun bar hannun mafarauta sun shiga gidajen mutane, har sun iso kasuwannin intanet da mai kare a Kano ko Yamai zai iya yin oda daga cikinsu.

Ƙirarsa ba ta da wuyar ganewa. Maɗauri ne na roba, a jikinsa akwai ɗan akwati mai batir da ke karɓar saƙo. A cikin akwatin, ta gefen da ke kallon fata, wasu ƙusoshin ƙarfe biyu masu dakusasshen baki suna leƙowa, su ne suke ratsa gashi su zauna a kan wuya. Mai kare yana riƙe da rimot. In ya danna, wuta ta bi ta ƙusa ɗaya, ta ratsa ɗan abin da ke tsakani na fata da tsoka, ta koma ta ɗayar. Tana fita ne a gutsure, bugu bayan bugu, kowanne bai kai ƙiftawar ido ba, kuma yawanta kaɗan ne ƙwarai in an gwada da ta soket ɗin gida. Shi ya sa na'ura mai kyau ba ta kisa, ba ta kuma ƙona fata. Yawancinsu suna da abu uku: ƙara kamar ta agogo, jijjiga kamar ta wayar hannu, sai jan wutar kansa, wanda ko dai ya zo sau ɗaya ya wuce ko ya ci gaba muddin yatsa yana kan madanni.

Masu sayarwa kan kwatanta jan da ɗan tartsatsin nan da ke cizon yatsa lokacin hunturu idan mutum ya taɓa ƙofar mota. A ƙananan lambobi kwatancen ya yi daidai, wasu ma mutum ba ya jin su sam. A manyan lambobi kuwa zafi ne na gaske, wanda ke sa tsoka ta ƙanƙame, kare ya yi kuka ya tuma sama. Babu kuma wata hukuma ta duniya da ta ƙayyade abin da lamba take nufi. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2013 ya auna na'urori iri 13, ya tarar da bambanci mai yawa a tsakaninsu, ta yadda lamba biyar a wannan ba ita ce lamba biyar a waccan ba. Ya kuma nuna cewa jiƙaƙƙen wuya da busasshe ba su karɓar wuta iri ɗaya.

Iri uku ne a kasuwa, biyu daga cikinsu ba sa bukatar dogon bayani. Akwai na hana haushi, wanda yake aiki da kansa: yana jin motsin maƙogwaro ko sautin haushi, sai ya ja kare. Mai arha wanda ya dogara da sauti kaɗai yana iya tashi saboda haushin karen maƙwabta ko bugun ƙofar ƙarfe, a hukunta karen da bakinsa a rufe yake. Wanda ya ajiye kare don gadi kuma, ai haushin shi ne aikin da ya ɗauke shi, in ya kashe shi me ya rage? Karen da ke kwana yana haushi ba dalili, galibi ɗaurarre ne da ya wuni a rana ba yawo, ko mai jin ƙishirwa, ko mai kaɗaici. Wannan a kwance shi a zagaya da shi, shi ne maganinsa.

Na biyu shi ne shingen da ba a gani, wanda wani Ba'amurke mai suna Richard Peck ya ƙirƙiro a 1973. Ana binne waya a kewayen fili. Kare ya matso, abin wuya ya yi ƙara, in ya ci gaba ya ja shi. An yi shi ne don unguwannin Amurka inda gidaje da yawa ba su da katanga. Ba ya hana baƙon kare ko yaro shigowa. Karen da ya zabura ya tsallake waya a guje kuma, in ya huce ya zo komawa gida wutar za ta sake jansa, sai ya zauna a waje. In aka ɗauke wuta babu batirin ajiya, shingen ya tafi. A inda gida yake da katanga da ƙofa, ba shi da gurbi.

Na uku, mai rimot, shi ne wanda ake ta gardama a kansa, shi ne kuma abin da ya rage na wannan rubutu.

Abin da kare yake fahimta

Kare ba ya sanin dalilin da ke zuciyar maigidansa. Abin da ya sani shi ne abu kaza ya faru, nan take abu kaza ya biyo baya, sai ya haɗa su. Tazarar da yake iya haɗawa gajeriya ce, daƙiƙa ɗaya ko kusa da haka. Ya kan haɗa zafin da duk abin da hankalinsa yake kai a wannan lokacin, ko shi aka nufa ko ba shi ba.

A ce ƙwallon yaran maƙwabta ta faɗo cikin gida, ɗayansu ya turo ƙofa ya leƙo. Kare ya taso da gudu yana haushi. Maigida yana zaune a baranda, rimot yana kan tabarma, kafin ya lalubo shi ya danna daƙiƙa uku sun wuce. A lokacin karen ya riga ya ja birki, yana tsaye taku biyu daga ƙofa, idonsa a kan fuskar yaron. Wuta ta ja shi. Maigida yana ganin ya koya masa kada ya sake rugawa ƙofa. Abin da karen ya ɗauka shi ne ganin yaro yana kawo zafi a wuya. In aka maimaita haka sau da yawa, kare ya tsani yara fiye da da. Mafi muni kuma, idan duk sanda ya yi gurnani aka ja shi, zai bar gurnanin, amma tsoron da ke sa shi gurnanin yana nan. An raba shi da gargaɗinsa ke nan, ranar da zai ciji wani ba zai sanar ba. Saboda haka ne su kansu kamfanonin suke rubutawa a takardar bayaninsu cewa kada a sa wa kare mai faɗa.

An gwada wannan batu na lokaci a Jami'ar Likitancin Dabbobi ta Hanoba a Jamus, aka buga sakamakon a 2007. Karnuka 14 ne irin na bigul, aka kasa su uku. Kashi na farko ana jansu ne a daidai lokacin da suka taɓa zomon roba da ake ja musu. Na biyu, idan an kira su sun ƙi zuwa. Na uku kuwa ba ƙa'ida, a kowane lokaci. Aka riƙa auna sinadarin kotisol a yawunsu, wanda yake hauhawa idan dabba tana cikin damuwa. Na farkon, da suka gane abin da ke kawo wutar da yadda za su kauce mata, nasu bai tashi sosai ba. Na biyun ya tashi. Na ukun ya fi na kowa nisa. Masu binciken ƙwararru ne a cikin ɗakin gwaji, suna kallon kare ɗaya ba abin da ya ɗauke musu hankali. Mutumin da ke danna rimot a makare, yau ya danna gobe ya manta, jibi ya danna don ransa a ɓace yake, karensa yana rayuwa ne irin ta kashi na uku.

Kafin wannan, a 2004, Matthijs Schilder da Joanne van der Borg na Jami'ar Utrecht a Holan sun lura da karnukan gadi, irin makiyayin Jamus, da ake horarwa da wuta. Sun ga sun fi waɗanda ba a horar da wuta ba kwantar da kunne da lasar leɓe da ɗaga ƙafar gaba, alamun da masana suka sani na damuwa. Abin da ya fi taɓa zuciya a binciken shi ne karnukan sun ci gaba da nuna haka a wajen filin horo, a wurin shaƙatawa, muddin mai horar da su yana kusa. Sun haɗa zafin da mutumin.

To, ko da damuwar, yana aiki fiye da sauran hanyoyi? Gwamnatin Birtaniya ta ba da kuɗi aka bincika a Jami'ar Lincoln, Jonathan Cooper da abokan aikinsa suka buga sakamakon a 2014. Sun tara karnuka 63 waɗanda masu su suke kuka da su kan ƙin amsa kira da bin dabbobi, har da tumaki. Kashi ɗaya ƙwararrun da masu ƙera na'urar suka zaɓo ne suka horar da su da abin wuya. Kashi na biyu waɗannan ƙwararrun ne dai, amma ba na'ura. Na uku aka ba masu horarwa da lada, wato abinci da wasa da yabo. Bayan kwana biyar, yawancin masu karnukan a dukkan kashi ukun sun ce sun ga sauyi, kuma masu abin wuya ba su ɗara sauran ba. Sun dai fi zama a takure, sun fi hamma, sun rage shinshine-shinshinen abin da ke kewaye da su. Da aka sake nazarin bidiyon horon a 2020, aka ga 'yan kashin lada sun fi saurin amsa kira tun daga umarnin farko.

Magoya bayan na'urar ba su yarda da wannan ba. Sun ce kwana biyar kaɗan ne, kuma karnukan suna ɗaure da igiya, ba a sake su a tsakiyar garke ba. Suna kuma da nasu abin nuni. A 2024 Anamarie Johnson da Clive Wynne na Jami'ar Jihar Arizona sun buga gwajin da aka yi da karnuka masu bin wani abu da inji ke ja a guje. Waɗanda aka sa wa abin wuya sun daina bi cikin ɗan lokaci, waɗanda aka bi da lada ba su daina ba a kwanakin gwajin. Amma karnukan sun yi kuka lokacin da aka ja su, kuma shi ma wannan binciken an soke shi da gajarta. In an haɗa duka, abin da ya fito fili shi ne wuta tana iya tsayar da gudu nan take a hannun gwani, amma wajen koyar da zama da zuwa da tafiya a gefe, ba ta da wani fifiko da zai biya damuwar da take jawowa.

Ƙasashe da dama sun yanke hukunci a kai. A Jamus wata babbar kotun tarayya ta tabbatar a 2006 cewa dokar kare dabbobi ta hana amfani da shi wajen horo. Yankin Wales ya haramta shi a 2010, kuma a 2011 aka ci wani mutum tarar fam 2,000 saboda an tsinci karensa da shi a wuya. Holan ta bi sahu daga farkon 2022. Haram ne a Denmak da Norwe da Suwidin da Ostiriya da Suwizalan. Ingila ta sanar a 2018 cewa za ta haramta, aka tsara dokar da aka ce za ta fara aiki a Fabrairun 2024, ranar ta zo ta wuce ba ta fara ba. A Ostireliya kowace jiha da nata hukuncin. A Amurka halas ne, sai dai babban kantin kayan dabbobi na Petco ya daina sayar da mai rimot da na haushi a 2020, ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta ƙasar kuma ta fitar da matsaya a 2021 cewa a horar da kare da lada kawai. A Najeriya, sashe na 495 na kundin dokokin laifuka ya hana azabtar da dabba.

Wa yake bukatarsa

A ganina, mafi yawan masu shirin saye ba su bukatarsa, kuma zai ɓata musu kare. Karen da bai san ma'anar kira ba, wuta ba za ta sanar da shi ba, domin ita ba ta faɗin abin da ake so a yi. Amsa kira tsohon ilimi ne. Alƙur'ani ya ambaci dabbobin farauta da aka horar a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, malaman fiƙihu kuma suka siffanta horarren kare da cewa shi ne wanda in an sake shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya. Mafarautanmu sun daɗe suna samun haka da suna da fito da yawan zama tare da ɗan rabon da ake jefa wa kare daga abin da aka kamo. Masu horo na zamani wannan hanyar suka tsara: igiya mai tsawon mita goma, guntayen hanta ko busasshen kifi a aljihu, a fara a tsakar gida inda ba abin da ke jan hankali. A kira sunansa sau ɗaya, ya zo a ba shi, a sake shi ya koma wasansa. Kada a taɓa kiransa don a duke shi ko a kulle shi. Daga tsakar gida a koma ƙofar gida, daga nan a je fili, daga nan inda ake hangen awaki daga nesa. Aikin makonni ne, wani karen har watanni. Mai sayen na'ura galibi waɗannan makonnin yake so ya tsallake.

Akwai dai wani ɗan lungu da ake iya kare amfani da ita, inda rai yake cikin haɗari kuma an gwada sauran hanyoyi. Misali mafi kyau yana Niyu Zilan. Tsuntsun kiwi ba ya tashi, ƙirjinsa ba shi da ƙarfi, kare yana murƙushe shi da cizo ɗaya. A 1987 an ƙiyasta cewa karya guda ta kashe kiwi kusan 500 cikin 900 da ke dajin Waitangi a cikin 'yan makonni. Don haka hukumar kare muhalli ta ƙasar take goyon bayan wani horo da ake kai karnuka, a sa musu abin wuya, a bi da su ta wurin da aka ajiye gawar kiwi ko kashinsa, da sun kai hanci a ja su. A Arizona ma haka ake yi don nesanta kare daga maciji mai ƙararrawa a wutsiya. A lura da yadda abin yake: gwani ne yake dannawa, a kan abu ɗaya takamaimai, sau kaɗan, sa'an nan a cire na'urar, a riƙa dawo da karen lokaci-lokaci ana sake gwada shi. Irin kashin farko ne na gwajin Hanoba. Karen da ya ɗanɗana jinin akuyar maƙwabta, wanda in ya sake za a sa masa guba ko a harbe shi, yana iya shiga wannan lungu, ko da yake katanga mai kyau da igiya sun fi tabbas.

Kurman kare kuma yana amfana da jijjiga kaɗai, ba wuta. A koya masa cewa in wuyansa ya motsa ya waiwayo ya karɓi lada, sai ta zame masa kira. Akwai na'urorin da jijjiga da ƙara kawai suke yi, akwai kuma masu nuna inda kare yake ta tauraron ɗan'adam ba tare da jansa ba. Wanda tsoronsa ɓatan kare ne a daji, wannan ta ƙarshe ita ce tasa.

Ba a sa wa ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba, ko kare matsoraci, ko marar lafiya. Karen da halinsa ya sauya rana ɗaya, ya fara cizo ko zubar da yawu, likitan dabbobi ake nema masa da gaggawa, domin ciwon haukan kare yana nan a ƙasashenmu.

Wajen saye

Abu na farko da za a duba shi ne yawan matakai. Ba don a kai na sama ba, sai don tazarar da ke tsakanin wannan da mai bi masa ta zama ƙarama. Mini Educator na kamfanin E-Collar Technologies yana da mataki 100, yawancin na Dogtra suna da 127. Na'ura mai mataki takwas tana iya zama a na biyu kare bai ji komai ba, a na uku ya yi ihu, kuma babu tsakiya. Sai a duba ko tana yanke wuta da kanta bayan kamar daƙiƙa goma in madanni ya maƙale ko an zauna a kan rimot. A duba ko tana da makulli da ke hana lamba tsalle in hannu ya goge ta a aljihu. Madannin ƙara da na jijjiga da na wuta su kasance daban-daban, waɗanda yatsa zai bambance ba sai an duba ba, domin ido a kan kare ya kamata ya kasance. Rimot ɗin da sai an shiga nan an fita can kafin a sauya aiki, daƙiƙar nan guda da komai ya rataya a kanta za ta wuce.

Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne fetal, ba bishiya ba gini. Rabin mil, wato kimanin mita 800, ya wadaci kowa in ba mafarauci ba, kuma cikin gari ko kurmi zai ragu sosai. Alamar IPX7 tana nufin akwatin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30, abin da ake bukata ke nan ga damina. Nauyin akwatin ya dace da girman kare. Tsawon ƙusoshin kuma ya dace da gashinsa: dogaye ga irin manyan karnukan nan masu gashi buzu-buzu da ake shigo da su don gadi, gajeru ga karenmu na gida da azawak na Sahel, masu siririn wuya da gashi a kwance, waɗanda wuta take isa fatarsu ba shamaki.

Arha ba ta ado, a nan kuwa kare ne zai biya cikon kuɗin. Na'urorin da ba su da sunan kamfani, ko suna da suna amma ba adireshi ba takardar bayani, ba a san abin da suke fitarwa ba. Wata tana jinkiri tsakanin dannawa da ja, wata ƙarfinta yana sauyawa da ƙarfin batir. Duk wadda aka saya, mai ita ya fara ɗora ƙusoshin a kan damtsensa, ya fara daga sifili ya hau a hankali har inda zai iya jurewa, ya danna sau da yawa a lamba ɗaya ya ji ko jan iri ɗaya ne. Mai ciwon zuciya ko mai na'ura a ƙirji ya bar wa wani wannan gwajin. Wanda ba zai yarda ya ji ta a jikinsa ba, bai dace ya ɗaura wa dabba ba.

Ɗaurin kansa yana da ƙa'ida. Akwatin yana zama can sama kusa da muƙamuƙi, a gefen maƙogwaro, a matse yadda yatsa ɗaya zai shiga tsakanin ƙusa da fata da ƙyar. In ya yi sako-sako, ƙusoshin suna taɓawa suna saki. Maigida ya danna, shiru, ya ƙara lamba, shiru, ya ƙara. Kare ya juya kai, ƙarfe ya zauna a kan fata, wutar lamba talatin ta sauka a kan dabbar da lamba shida ta ishe ta. In kuma ya matse ya daɗe, ƙusoshin suna danne jini su huda ramuka biyu masu ruwa da wari, waɗanda mutane kan ɗauka ƙuna ce, alhali gyambon dannewa ne. Kamfanin PetSafe ya ce kada ya wuce awa 12 a wuya a rana, a riƙa gusar da shi duk bayan awa ɗaya ko biyu. A ƙasa mai zafi da danshi da kaska, gara a rage ƙasa da haka, a duba wuyan kullum, a wanke ƙusoshin. Ba a ɗaura igiya a jikinsa, sai a wani abin wuya daban. Kafin a kunna shi kuma, kare ya yi kwanaki yana yawo da shi a kashe, don kada ya gane cewa biyayya ta ranar da aka ɗaura ce kawai.

Neman lambar da ta dace a wuri mai shiru ake yi, kare yana tsaye hankalinsa kwance. A fara daga ƙasa, a danna sau ɗaya, a zuba masa ido. A ƙara ɗaya, a sake dannawa. Abin da ake jira ƙarami ne: kunne ɗaya ya motsa, ko ya ɗan karkata kai, ko ya duba ƙasa kamar ƙuda ya sauka masa. Nan ne wurin tsayawa. In ya yi ƙara, ko ya zabura, ko ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, an wuce gona da iri. Tarkon yana gaba: karen da jininsa ya hau yana bin akuya ba zai ji wannan lambar ba, hannu kuma zai so ya murɗa sama. Shi ya sa ko masu goyon bayan na'urar suke cewa sai kare ya iya umarnin sarai da igiya da lada kafin a kunna ta, kuma a fara a gaban wanda ya ƙware.

Mai amfani da ita ya riƙa lissafin sau nawa ya danna a mako, da lambar da yake kai. In horon yana tafiya daidai, dannawar tana raguwa har ƙara kaɗai ta wadatar. In mako uku sun wuce lamba tana hawa, ko kare ya fara maƙalewa a ƙafar maigidansa ya ƙi yin nisa, ko yana shigewa ƙarƙashin mota da ya ga an ɗauko rimot, ko ya ƙi shiga wani ɓangaren gidan da aka taɓa jansa, a cire abin wuyan a ajiye. A kai shi wurin likitan dabbobi a duba kunnuwansa da haƙoransa da gaɓoɓinsa, domin kare mai ciwon kunne ko mai raunin ji yakan yi kama da mai taurin kai. Daga nan a koma tsakar gida da doguwar igiya, a sake farawa daga kiran suna.